Sunayen da Ke Shafin Ƙarshe

Duk wanda ya saba karanta maƙalolin da ake rubutawa kan itatuwan gonakin Agye zai ci karo da suna biyu a jerin manazarta, wato shafukan nan na ƙarshe inda marubuci ke lissafa littattafai da maƙalolin da ya dogara da su. Can sama, wajen harafin A, ga «Abasse, T.» Can ƙasa kuma, wajen harafin T, ga «Tougiani, A.» Mai karatu a Dakar ko Landan zai ɗauka masana biyu ne, wataƙila ma abokan aiki. Alhali mutum ɗaya ne, Dokta Abasse Tougiani na cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, INRAN, wanda ya shafe shekaru yana aiki kan sassabin zamani, wato raya itatuwan da ke tofowa daga kututture a gona. Maƙalar da ya rubuta tare da Chaibou Guero da Tony Rinaudo, wadda mujallar GeoJournal ta buga a 2009 kan yadda mutanen ƙasar Agye suka haɗa kai suka raya itatuwan gonakinsu, da Tougiani ake ambatonta. Wasu ayyukansa kuma da Abasse.

Asalin wannan ruɗani ba boyayye ba ne. Tsarin jera manazarta da mujallun duniya ke bi an yanka shi ne daidai jikin mutanen da ke da sunan zuriya, suna guda da kaka da uba da jika suke ɗauke da shi, shi ake sawa gaba, sunan yanka kuma a taƙaita shi zuwa harafi ɗaya. Mu kuwa yaro sunansa da na mahaifinsa ke nan, kuma wanne zai zo farko ya danganta da hannun da ya fara rubuta shi, a takardar haihuwa ko a rajistar lakwal. Ko shugabannin ƙasa ba su tsira ba. A gida Diori Hamani muke cewa, haka ma aka rubuta a filin jirgin saman Yamai, littattafan waje kuma Hamani Diori. Tandja Mamadou a bakin mutanen Gazawa, Mamadou Tandja a gidajen rediyon ƙetare. Shugaban ƙasa ba ya ɓacewa don an juya sunansa, kowa ya san shi. Matashin da ya buga maƙala uku kacal kuwa, idan biyu suka tafi ƙarƙashin sunan mahaifinsa ɗaya ta tafi ƙarƙashin nasa, mai nemansa a intanet wani sashensa kawai zai samu.

Masu «Ɗan» a cikin suna nasu ya fi tsanani. Kwamfuta ba ta san ɗan wane ba, ta san Dan ne a matsayin sunan yanka na Turawa, sai ta cire shi ta mayar da shi harafin D. Haka masanin tsirrai Dan Guimbo Iro na Jami'ar Abdou Moumouni yake fitowa wani wuri «Dan Guimbo, I.», wani wuri «Guimbo, I. D.», wani wuri kuma «Iro, D. G.» Su Elhadji da Malam da Maman da ke shiga tsakiyar suna su ma kowace mujalla da inda take jefa su. Mata kuwa aure kan ƙara musu wani rabon: ta buga aikinta na farko da sunan mahaifinta, na biyu da «Madame wane», shi ke nan an raba ta da kanta.

Abin ya wuce kwalliya, domin da waɗannan shafuka ake auna mutum. Malamin jami'a a Nijar yana hawa muƙami ne ta hannun CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu, kuma abin da ake dubawa shi ne ayyukan da ya buga. Masu ba da kuɗin bincike da masu neman abokin aiki su kuma sukan leƙa Google Scholar ko Scopus su ga sau nawa wasu suka ambaci mutum. Waɗannan na'urori jerin manazarta suke karantawa, harafi bayan harafi. Saboda haka idan ɗalibi a Maraɗi ya juya sunan malaminsa a shafin ƙarshe, ya rage masa wani abu daga haƙƙinsa ba tare da ya sani ba. Maganin farko yana hannun mai sunan: tun maƙalarsa ta farko ya zaɓi siga ɗaya ya tsaya a kanta har ya yi ritaya, ya kuma yi rajistar ORCID, lambar nan mai alƙaluma 16 da aka fara bayarwa kyauta a 2012, wadda ke bin mai bincike ko ta yaya aka rubuta sunansa. Na biyu yana hannun mai ambato: ya buɗe maƙalar kanta ya ga yadda mai ita ya rubuta sunansa a shafin farko, kada ya kwafo daga jerin wani.

Sai kuma ƙa'idojin su kansu, waɗanda ke cinye wa ɗalibai dare. A ce wani ya gama kundinsa a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi kan gero da wake a gonakin Cadawa, malaminsa ya ce masa: «Aikin nan ya yi kyau, ka fitar da maƙala daga ciki.» Idan mujallar da zai aika wa tana bin tsarin APA ne, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019, a cikin rubutu zai sa suna da shekara cikin baka biyu, a ƙarshe kuma ya jera su bisa abacada. Idan ta likitoci ce, to akasari tsarin Vancouver take bi, wanda ya samo suna daga garin Kanada inda editocin mujallun likitanci suka zauna a 1978. Nan babu suna a cikin rubutu sai lamba, ɗaya, biyu, uku, bisa yadda madogarar ta fara bayyana, ta yadda in ka ɗaga sakin layi ɗaya daga tsakiya ka kai shi gaba, duk lambobin sai an sake su. Idan kuwa mujallar adabi ko tarihi ko labarin ƙasa ce ta yankinmu, to ga ƙa'idojin CAMES da aka amince da su a Bamako a 2016: cikin rubutu a sa harafin farko na sunan yanka, sai suna, sai shekara, sai shafi, a jerin ƙarshe kuma a rubuta sunan marubuci cikakke. Wannan na ƙarshen ya fi yi mana adalci, don cikakken suna ko an juya shi ana gane mai shi.

Ka duba ɗalibin nan lokacin da edita ya dawo masa da maƙala da layi ɗaya, cewa manazartarsa ba ta dace da ƙa'idar mujalla ba. Ba a ma kai ga karanta abin da ya gano a gona ba. Zai zauna da kwamfutar aro, wayarsa a gefe tana ba shi intanet, yana lura da sauran cajin da ya rage, yana bin layi arba'in ko hamsin ɗaya bayan ɗaya. Nan waƙafi ake so bayan suna, can aya. Sunan mujalla a karkata haruffansa, taken maƙala a bar shi tsaye. Lambar juzu'i, lambar fitowa cikin baka, shafin farko da na ƙarshe. Zai ga ya rubuta 2005 a cikin rubutu, a jerin kuma 2006, ya rasa wanne ne daidai, don takardar da ya karanta hoto ce da wani ya turo masa ta WhatsApp ba bangon gaba. Zai ga suna biyu a cikin rubutu da ba su cikin jerin, da wasu uku a jerin da bai ambata ko'ina ba, saura ne daga kundin. Wannan aiki ne mai gajiyarwa, kuma ina tausaya wa duk wanda ya yi shi da hannu, musamman da yake akwai manhajar Zotero, kyauta, tun 2006, wadda ke ajiye kowace madogara sau ɗaya ta fitar da ita cikin kowane tsari aka so. Ya kamata a koya wa ɗalibi ita tun shekararsa ta farko, ba makon da zai kare kundi ba. Sai dai ita ma abin da aka ba ta take maimaitawa. Tana da gurbi biyu, na sunan zuriya da na sunan yanka, kuma in ta ɗebo sunan ɗan Nijar daga intanet a juye, haka za ta riƙa juya shi a kowace maƙala, sai mutum ya shiga ya gyara da kansa.

Akwai ƙananan abubuwa na wannan yanki da littafin ƙa'ida ba zai gaya maka ba. Gazawa sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, kafin nan tana cikin Agye. Don haka kundin da aka rubuta a 2004 kan wani ƙauye na Gangara zai ce Agye a takensa, kuma haka za ka kwafe shi, ba a gyara wa marubuci take. Bayanin canjin a cikin rubutunka za ka yi shi. Haka Gidan Rumji, wani ya rubuta Guidan Roumdji, wani Guidan-Roumji, kowanne ka bar masa nasa, don da wannan rubutun ne mai nema zai same shi. Ɗigon nan da ke kan harafin ƙarshe na Aguié, wato Agye, ko wanda ke cikin sunan Grégoire, marubucin littafin alhazan Maraɗi na 1986, shi ma na cikin suna, kuma yakan rikiɗe ya zama wasu alamomi marasa ma'ana idan fayil ya ratsa kwamfutoci biyu ko uku. A duba shi kafin a aika.

Abin da ya fi damuna shi ne madogaran da ba su da adireshi. Ƙasar Agye tana cikin wuraren da aka fi bincika a karkarar Nijar. Poroje bayan poroje sun zauna a nan da tallafin asusun FIDA, tun daga PDRAA har zuwa PPILDA, kuma kowanne ya bar rahotanni: ƙidayar itatuwa a gonakin Ɗan Saga, gwajin irin gero da manoma suka yi da kansu, yadda kwamitocin sa ido na ƙauye, masu maza da mata da makiyaya a ciki, suke hana saran dare. Ga kuma kundayen ɗaliban da suka zo koyon aiki daga Yamai da Maraɗi. Mafi yawan sanin da ake da shi kan yankin a irin waɗannan takardu yake, ba a manyan mujallu ba. Maƙalar da aka buga a Turai tana da lambar DOI, ka latsa ta buɗe. Rahoton da aka buga kwafi kaɗan aka ɗinke da roba kuwa sai wanda ya san ofishin da yake ajiye. Wasu editocin sukan ce a rage irin waɗannan a jeri, tunda mai karatu ba zai iya samunsu ba. Na fahimci dalilinsu, amma ban yarda a cire su ba, domin idan aka cire, aikin da ɗan ƙasa ya yi da ƙafarsa cikin rana sai ya koma ƙarƙashin sunan wanda ya taƙaita shi daga baya cikin Turanci. Abin da ya dace shi ne a cika bayaninsu fiye da na kowa: wanda ya rubuta, shekara, cikakken take, wane irin rahoto ne ko kundin wane digiri, hukumar da ta sa aka yi, gari, yawan shafuka. Wanda kuma ya samu irin wannan takarda a hannunsa, ya nemi izinin masu ita a ɗauki hotonta a ajiye a ma'adanar jami'a, don na bayansa ya samu abin da zai nuna.

Rashin komawa tushe yana da wata illa da nake gani kusan kullum. Akwai adadi biyu da suka zagaya duniya game da sassabin zamani: hekta miliyan 5, da itatuwa miliyan 200. Suna da asali sananne. Gray Tappan, na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka, ya gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, kuma shi da Chris Reij da Melinda Smale suka bayyana kiyasin a wata takarda da cibiyar IFPRI ta fitar a 2009. Kiyasi ne, da «kimanin» a gabansa, kuma ya shafi faɗin yankin noma na jihohin Maraɗi da Damagaram. To amma ka bi shi a kundayen ɗalibai ka gani. Wannan ya ɗauko daga gabatarwar kundin wani, wancan daga jarida, «kimanin» ta faɗi a hanya, shekarar ta canza, wani lokaci ma har a rubuta shi kamar ƙidayar bara ce. Kowa kuma ya sa sunan Reij a jerinsa kamar ya karanta. Ƙa'ida ta tanadi hanyar gaskiya ga wanda bai samu asalin ba: ya rubuta cewa wane ne ya faɗa, kamar yadda wane ya ruwaito, ya sa wanda ya karanta ɗin a jeri. Ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne a tambaye ka shafi ranar kare kundi ka rasa.

Mu kuwa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure, a Tibiri ko a Cadawa, ana karanta hadisi, ya ji yadda ake fara shi da wane ya ba mu labari daga wane, shi kuma daga wane, kafin a zo ga maganar kanta. Malaman hadisi sun ɗauki isnadi da nauyin da har suka keɓe fanni guda don tantance maruwaita, kuma Khaɗib al-Baghdadi, wanda ya rasu a 1071, ya rubuta littafi kan mutanen da sunansu ya zo ɗaya alhali su daban ne, da wani kan kurakuran da ake yi wajen haɗe mutum biyu ko raba mutum ɗaya. Ɗalibin da ya taso a wannan tarbiyya, idan aka nuna masa cewa jerin manazarta isnadin maganarsa ne, zai daina ganinsa a matsayin wahalar da edita ya ƙirƙiro.

Saura mutanen da ba su shiga jerin kwata-kwata. Tony Rinaudo ya fara yaɗa sassabin zamani a jihar Maraɗi a 1983, aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, kuma shi da kansa yakan ce manoma ne suka yi aikin. Wanda ya san cewa kututturen kalgo ko sabara in ya tofo sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari a sassabe sauran, wanda ya san gawo yana zubar da ganye da damina don haka gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, wadda ta san wace gona ce ta fara komawa daji bayan yunwar 1984, su ne suka zauna da mai bincike a gindin itace suka yi masa bayani. A tsarin APA, magana irin wannan ana ɗaukarta zance ne tsakanin mutum biyu, ana ambatonta cikin rubutu, amma ba ta shiga jerin ƙarshe, saboda mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba. A maƙalolin kimiyyar noma kuwa sau da yawa ko hakan ba a yi, dattijon sai ya zama ɗaya daga cikin «manoman da aka yi wa tambayoyi». Ƙa'idojin CAMES sun ba bayanan baka gurbi a ƙasan shafi, kuma masana tarihinmu sun daɗe suna jera waɗanda suka ba su labari, da shekarunsu da sana'arsu da garin da ranar da aka yi hirar. Wanda ya rubuta tarihin Gobirawan Tibiri ba tare da irin wannan jeri ba, ba wanda zai ɗauki aikinsa da muhimmanci. A Kanada ma wata ma'aikaciyar laburare 'yar ƙabilar Cree, Lorisia MacLeod, ta fitar da siga a 2021 ta yadda za a riƙa sa dattawan al'ummarsu cikin jerin manazarta sosai, da suna da al'umma da wuri da rana. Ban ga abin da zai hana masu binciken noma da gandun daji na Maraɗi su nemi editoci su karɓi irin wannan ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma mai karatun da ya ga suna da gari zai iya zuwa ya ji da kunnensa.

Ba kowa ake bayyanawa ba, wannan gaskiya ne. Matar da ta yi maganar ciwon ɗanta, ko wanda ya faɗi yadda ake saran itace a ɓoye, ko mai rikicin iyakar gona da ɗan'uwansa, sakaya sunansu wajibi ne, kuma binciken lafiya yana da dokokinsa a kan haka. Amma wanda ya koya maka sana'arsa daban ne da wanda ya gaya maka sirrinsa, kuma hanyar rarrabewa ita ce a tambaye shi. «Baba, in sa sunanka a takardar, ko in sakaya?» Da yawa za su ce: «Sa mana, ɗana, ka sa har da na garin.» Wasu za su ce a bari. Tambayar a gonar ake yinta, ranar hirar, a rubuta amsar a littafin aiki tare da cikakken sunansa yadda shi yake faɗinsa, da sunan mahaifinsa, da ƙauyen, da ƙaramar hukumar, da kwanan wata, da harshen da aka yi magana da shi, da wanda ya yi tafinta in akwai. Wanda bai rubuta waɗannan a ranar ba, lokacin da edita zai tambaye shi yana Maraɗi ko Yamai, bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma komawa Ɗan Saga don neman suna ɗaya sai da kuɗin mota da na kabu-kabu.